Sandar da Aka Yi Don Ta Karye

Ranar Alhamis da dare ban runtsa ba. Ba zan gajiyar da ku da labarin juye-juyen da na yi a kan katifa ba. Abin da zan ce kawai shi ne, har na sallame sallar asuba tambaya ɗaya ce take cina: dabarar da muka ƙulla, dattijon za ta ceta, ko kuwa mu za ta ceta daga kunya, shi kuma mu bar shi da tasa a gaba?

Ga wanda yau ya fara leƙo wannan shafi, sunana Muhsin. Ina zaune da mahaifiyata a unguwar Catford, nan London. Na karanta zane da ƙere-ƙere a jami'a, kuma ina neman auren Zubaida, 'yar Alhaji Abdulƙadir na Abbey Wood. Kawuna ya riga ya kai gaisuwa, an karɓe shi hannu bibbiyu, saura sa rana. Duk wanda ya tambayi Umma aikina, amsarta ɗaya ce: "Injiniya ne." Sai ta gyara mayafi ta sauya zance.

Ni ba injiniya ba ne. A wani ƙaramin shago da ke ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa a Deptford nake aiki, ni da abokina Chollom, mutumin Jos, kuma sandunan snooker muke ƙerawa don masu shirya fim. Idan labari ya buƙaci jarumi ya riƙe wata sanda ta musamman, mu ake kawo wa zanenta. Mukan yi ta gaske, wadda kyamara za ta matso kusa da ita, sannan mu yi mata 'yan'uwa na bogi waɗanda za a karya a bayan wani in an zo wurin faɗa. Idan fim ya karɓu, sai masu sha'awar tara irin waɗannan kaya su yi ta aiko da saƙo, mu yi musu kwafi, su rataye a bango suna share masa ƙura har ƙarshen rayuwarsu. Yawancin abin da ya fita daga hannuna bai taɓa gogar ƙwallo ba. Na sha faɗa wa Umma haka.

"Ko bai goga ba, sunansa sandar caca," in ji ta. "A Kano wa ke buga snooker in ba 'yan bakin tasha ba?"

Zubaida ta san komai tun farko. Ta taɓa zuwa shagon ma, ta fita da garin katako a gefen abayarta tana dariya. Amma ita ma cewa ta yi kada in faɗa wa mahaifinta sai an ɗaura aure. "Baba ba zai tsaya sauraron bayani ba. Yana jin snooker, mashaya zai gani." Na bi ra'ayinsu su biyu, raina ba ya so.

Aikin da muke kai a wannan wata na wani fim ne na zamanin da. Jarumin ɗan caca ne mai yawo da sandar dogarawa. In ya shiga ɗakin wasa sai ya kwance kanta, ya zaro abin da ke ciki, ya haɗa, ta koma sandar snooker. Ta gasken baƙin itace ce mai nauyi, da kan tagulla. Na bogin kuwa ba sa kwancewa. Da balsa muka yi su, itacen da bai fi karan dawa ƙarfi ba, kan kuma roba ce da aka shafa wa ruwan tagulla. Kafin fenti nakan sa siririn zarto in zagaye tsakiyarta da yanka, in cike, in shafe, domin da zarar ta ji nauyi ta tsinke daidai inda darakta yake so. Ranar Litinin na taho da ɗaya daga cikin na bogin gida, saboda fentin ƙarshe yana son ɗumi, shagonmu kuwa firji ne mai ƙofa. Na jingina ta kusa da hita a ɗakina.

Ranar Talata da na dawo, babu ita.

Na sami Umma a kicin, zanin atamfa a ƙugu, suwaita a sama, tana kaɗa miyar kuka.

"Umma, kin ga wata baƙar sanda a ɗakina?"

Ba ta ko waiwayo ba. "Na kai."

"Kin kai ina?"

"Inda ka yi niyya mana. Na je duba Alhaji da ƙafarsa, sai na tafi da ita. Allah ya yi maka albarka, ka yi tunani. Na san kunya ce ta hana ka kaiwa da kanka. Mutum an yi masa aiki a gwiwa, kai ka zauna ka yi masa sanda, sannan ka ɓoye ta a bayan hita kamar kayan sata."

Ku da kuke karantawa, ban sani ba ko kun taɓa jin an sa muku albarka a kan abin da zai iya rusa ku.

"Umma, sandar nan ba ta ɗaukar mutum."

"Ai abin da ya fi yabawa ke nan. Ya ce bai taɓa riƙe sanda mara nauyi irinta ba."

Na zauna na yi mata bayani dalla-dalla: itacen, yankan, fentin, da bayan da aka yi ta domin ta karye a kansa. Ta kashe gas. Ta yi salati. Sai kuma ta juyo ta dube ni daga sama har ƙasa.

"To wa ya ce ka ajiye ƙarya a ɗakin kwananka?"

Laifin ya dawo kaina ke nan. Na haɗiye.

"Ki kira su ki ce kuskure aka yi. Zan sayo masa ta gaske a kai."

"Ni? Ni Murja in ɗaga waya in ce wa surukai a dawo mini da kyauta? Kai, bokon nan bai bar maka komai ba. Kaya ba ya fita daga gidan yarinya ya dawo gidan saurayi sai an fasa. Kafin la'asar labari ya kai Kano cewa mun fara karɓe kayanmu."

"Sanda ce fa, Umma, ba lefe ba."

"Yau sanda, gobe a ce akwati. Bakin mutane ka sani ne?"

"In ya faɗi fa?"

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi! Ka ce wa yarinyar ta ɓoye ta, shi ke nan. Tsofaffi ai mantuwa gare su."

Alhaji Abdulƙadir ba ya mantuwa. Mutumin da ya yi aikin council, wato ƙaramar hukuma, har ya yi ritaya, wanda har yau yake gyara wa 'ya'yansa Turanci a teburin cin abinci. Na tura wa Zubaida saƙo duk da haka, na zayyana mata komai. Amsarta ta farko hoton fuska ce mai dariya har da hawaye. Ta biyu ta zo bayan ta gane ba wasa nake ba.

"Muhsin, wallahi tana gefen gadonsa. Ko Mama bai bari ta taɓa ba."

"Ya dogara da ita?"

"Not yet. A cikin gida da ƙarfen asibitin nan mai ƙafa huɗu yake tafiya. Amma physio, mai gasa masa ƙafar, ta ce zai iya fita ranar Juma'a. Ya ce ba zai shiga masallaci da ƙarfe kamar mai tura baro ba, da sandar surukinsa zai je."

Na san masallacin. Ɗaki ne a saman shaguna, matakalarsa siririya ce, ga tsayi.

Washegari ta sake rubutowa: "I tried. Na shiga da sunan shara, na same shi yana goge ta da hankici. Ya sa an kai farar babbar rigarsa guga."

"Ki faɗa masa gaskiya, Zubaida."

"In ce me? Baba, wanda zan aura sandar caca yake yi, mahaifiyarsa kuma ta kawo maka ta bogi?"

"Ai ke kika ce mu yi shiru tun farko."

"Yanzu lokacin wa ya ce ne?"

Na ajiye wayar a kife. Ina sonta, Allah ya sani. Amma a wannan rana na ga cewa ni da ita da Umma mun kewaye dattijo ɗaya, kowa yana tsaron fuskarsa, babu mai tsaron gwiwarsa.

Ranar Alhamis na faɗa wa Chollom. Ya kashe injin sassaƙa, ya cire abin toshe hanci, ya yi ta dariya har sai da ya zauna a kan buhun garin katako.

"Wato mamanka ta kai wa surukinka tarko a matsayin kyauta! Kai, ku Kanawa, kunyarku za ta kashe mutum."

"In ka gama, ina sauraro."

Ya share ido, ya miƙe, ya ɗauko wata daga kan kanta. Samfurin kwafin da za mu riƙa yi wa masu tarawa ne in fim ya fito: itace mai ƙwari, kan tagulla na gaske, kamanninsu ɗaya da waccan kamar an tsaga kara.

"Wannan za ta ɗauki jaki ma. Ka ba Zubaida ta yi swapping, magana ta ƙare."

"Akwai sunan fim a wuyanta."

"In goge."

"In ya murɗa kan, za ta kwance, ya ga abin da ke ciki."

"In cika ta da gam."

"Nauyin fa? Rashin nauyin ne ya fi yabawa."

"Ka ce damshi ta sha. London ce, ɗan'uwa, ni kaina na ƙara nauyi."

Ya goge, ya liƙe, ya naɗe ta a takarda. Na tura wa Zubaida hoto, ta amso da addu'o'i da zukata jajaye. Muka shirya: da safiyar Juma'a in biyo ta ƙofar baya, ta karɓa, in Baba ya shiga wanka ta musanya. Umma da ta ji, sai ta ce, "Ka gani? Da ma komai yana da hanya in mutum bai cika surutu ba." Har nama ta ƙara mini a miya.

Ya kamata in yi barci mai daɗi. Amma a hanyar dawowa gida, ina tsaye ina jiran bas, wata ta wuce da ƙaton hoton wani fim a jikinta, sai na tuna abin da mu duka muka manta. Fim ɗin da muke wa aiki zai fito. Mun riga mun ga zanen tallarsa, don an aiko mana mu daidaita launi: jarumin yana tsaye gaban teburin snooker, kofin giya a gefe, sandar a hannunsa, kan tagullar yana ƙyalli. Wannan hoto zai hau kowace bas, ya manne a kowace tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Yaran da aka haifa a garin nan, waɗanda suke cika sahun baya a masallaci, ba sa kuskuren irin wannan. Wata Juma'a ɗaya daga cikinsu zai zunguri ɗan'uwansa, a ɗauki hoto, a haɗa da na bas, ya zaga wayoyi. Dattijon da ya yi ta nuna wa abokansa sandar surukinsa, shi ne na ƙarshe da zai ji. A lokacin kuwa ina cikin gidansa, na auri 'yarsa, na ci tuwonsa, na san komai na yi shiru.

Na yi ta neman hanyar da zan kuɓuta daga wannan tunani. Na ce wa kaina wataƙila fim ɗin ba zai karɓu ba. Na ji kunyar kaina da na kama bakina yana yi wa aikin hannuna fatan faɗuwa.

Da gari ya waye na yi wanka, na sa kaftani na shadda ruwan toka, na ɗora jaket a kai, na kafa hula. Sandar Chollom tana jingine a bayan ƙofa cikin takardarta. Na dube ta, na ja ƙofar, na fita ba tare da ita ba. Umma tana ɗakinta tana lazimi, ban leƙa ba, don na san in na leƙa ba zan fita ba.

A Abbey Wood ban bi ta baya ba. Ƙararrawar ƙofar gaba na danna.

Zubaida ce ta buɗe, doguwar riga ruwan zuma a jikinta, ta yafa ɗankwali da gaggawa. Idonta ya sauka a hannuwana.

"Ina take?" ta tambaya cikin raɗa.

"Na baro ta a gida."

"Ka manta?"

"Ban manta ba. Ki yi mini iso wurin Baba."

"Muhsin, don Allah, don Annabi. Muna gab da gamawa fa."

"Na sani. Ki yi mini iso."

Ta tsaya kamar za ta rufe ƙofar. Daga ciki muryarsa ta fito: "Wane ne da sassafen nan?"

Yana zaune a falo cikin jallabiya, ƙafar da aka yi wa aiki a miƙe kan ƙaramar kujera, karatun Suratul Kahfi yana tashi a hankali daga wayarsa. Farar babbar rigar tana rataye a jikin ƙofa, har yanzu cikin ledar masu guga. Sandar kuwa tana kwance a cinyarsa. Na tuɓe takalmi, na durƙusa nesa da shi, na gaishe shi, na tambayi jiki. Ya kashe karatun.

"Malam Muhsin! Ai da ma ina neman hanyar da zan yi maka godiya. Kai ba ka san abin da ka yi mini ba. Ƙarfen nan ya mayar da ni tsoho tun kafin lokaci."

Da ya zage ni, da ya fi mini sauƙi. A al'adarmu mai neman aure ba ya ɗaga ido ya yi wa uban yarinya doguwar magana. Ana aiko manya ne. Ni ga ni, ba manya, ba aike. Na kafa idona a kan kafet.

"Baba, na zo ne in roƙi alfarma. Ina so a ba ni sandar nan in koma da ita."

Na ji motsin Zubaida a bakin ƙofa.

"Kyauta ka zo karɓa?"

"Eh, Baba."

"Ka san abin da hakan yake nufi a wurinmu?"

"Na sani. Ba shi nake nufi ba, Allah ne shaida. Amma sandar nan ba ta ɗaukar mutum. Ni na yi ta, kuma na yi ta ne don ta karye. Umma ba ta sani ba, ta ɗauka taka ce."

"Don ta karye," ya maimaita, a hankali, kamar yana gyara wa ɗalibi jimla. "Wane irin injiniya ne yake yin abu don ya karye?"

"Ni ba injiniya ba ne, Baba. Sandunan snooker nake ƙerawa, na masu shirya fim. Wannan a fim ɗin sandar ɗan caca ce. Ba na caca, ban taɓa yi ba, amma aikina ke nan, kuma da shi zan ciyar da iyali in Allah ya nufa."

Na matsa da gwiwa, na nemi izini, na sa farcen babban yatsana a tsakiyar sandar na ɗan kankare fentin. Siririn zoben yankan ya bayyana, fari fat a cikin baƙi. Ya sa tabarau, ya ɗaga ta wajen hasken taga, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa kan da farce, ya ji amon roba. Ya daɗe yana kallo.

"Da hannunka ka yi wannan?"

"Eh, Baba."

"Uhm. Ka iya sa itace ya yi ƙarya."

Ban sani ba ko yabo ne ko hukunci. Har yanzu da nake rubuta muku ban sani ba.

Ya miƙo mini ita. Na karɓa da hannu biyu.

"Je ka," ya ce. "Zan nemi kawunka."

Na yi godiya, na ja da baya, na sa takalmi. Zubaida tana tsaye a gindin matakala, ta juya fuska ga bango. Ban yi mata magana ba, don duk abin da zan faɗa a wurin, ko dai ya zama neman gafarar abin da ban yi nadamarsa ba, ko ya zama gori.

Ina kan dandamalin tasha saƙonta ya shigo: "Ya tambaye ni ko na sani. Na ce eh. Ya ce in fita in ja masa ƙofa."

Na karanta, na mayar da wayar aljihu. Jirgin da zai bi ta Deptford ya iso a cike. Na shiga na tsaya kusa da ƙofa, sandar a hannuna, ina kaffa-kaffa kada wani ya matse ta. Wata Baturiya mai furfura ta dubi sandar, ta dubi fuskata, sai ta tattara jakarta ta miƙe, ta nuna mini kujerarta tana murmushin tausayi.

Na buɗe baki zan yi mata bayani. Sai na ga na gama bayanin da zan iya a rana ɗaya. Na yi mata godiya, na zauna.